Kan Keken Iya a Dutse, Ƙafarsa a Kiyawa

Sallama gare ku, 'yan uwana masu karatu. Yau sai kun yi haƙuri da ni, don abin da zan gaya muku ko Umma ban iya kallon idonta na gaya mata ba. Ni Ruwaida, wadda ta gama jami'a ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, wadda in an yi baƙi take maƙalewa a kicin har su tafi, wai ni ce na wayi gari ina jin haushin ƙarfe. Ƙarfe fa, ba mutum ba.

A ɗakin Umma, a gidanmu da ke nan Dutse, akwai kan keken ɗinki a saman durowa, baƙi wuluk, an lulluɓe shi da tsohon ɗankwali. Na kakarmu ne, Iya, Allah Ya ji ƙanta. Da ta rasu, Umma da yayarta Inna Gaji kowa ta ce ita za ta riƙe shi. Ba faɗa suka yi ba, kuka suka yi ta yi, kowa ta ƙi saki. Da tsofaffin gidan suka gaji, sai suka sa aka kwance shi gida biyu. Umma ta taho Dutse da kan, Inna Gaji ta tafi Kiyawa da ƙafar da katakonta. Tun daga ranar keken bai sake ɗinka ko bakin zani ba, kuma su biyun ba sa tayar da zancen.

Bayan na gama bautar ƙasa aiki bai samu ba, sai na fara sayar da mayafai ta waya. Umma kuwa kullum zancenta ɗaya ne.

"Digiri kin yi, bautar ƙasa kin yi. Saura me, Ruwaida? Ko mayafan za ki aura?"

"Umma, ai lokaci ne."

"Lokacin yana ƙofar gida, ke kina kicin."

Wata safiya na rasa inda zan rataye wani mayafi ruwan zuma na ɗauke shi hoto, sai na yafa shi a kan keken Iya, na ɗauka, na saka. Ba a jima ba saƙo ya shigo daga lambar da ban sani ba:

"Assalamu alaikum, Malama. Ki yi haƙuri, ba mayafin zan tambaya ba. Abin da kika yafa shi a kai, ko za ki ɗaga mini shi na gani?"

Na ce a raina, ga 'yan damfara sun samo sabon salo. Sai ya ƙara da bayani. Sunansa Abdulbaƙi, ɗan Garki ne, yana koyar da kimiyya a wata sakandare a Dutse, kuma yana tara tsofaffin kekunan ɗinki. Ya ce wilin da ya leƙo ta ƙarƙashin mayafin ne ya tsayar da shi, don ba irin na yanzu ba ne.

Ban san me ya sa na ɗaga mayafin ba. Na dai ɗaga.

"Kar ki sa masa ruwa, kar ki sa sabulu," ya rubuto da sauri, kamar na ce zan yi wa jariri wanka da ruwan zafi. "Ki ɗiga man keke a tsumma mai laushi, ki goge kusurwar dama ta gaba a hankali. Za ki ga lamba."

Na goge. Sai ga lamba ta fito daga ƙarƙashin dattin shekaru, da harafi a gabanta. Ya ce na ja ɗan murfin ƙarfen da ke kusa da allura. Na ja, na tarar da gidan zaren ƙasa dogo, mai tsini kamar ƙoshiyar masaƙa, ba zagayayye irin wanda na saba gani a shagon tela ba. Na tura masa hoton. Sai ya turo saƙon murya. Muryarsa a hankali take, kamar mai tsoron tayar da mai barci.

"Malama Ruwaida, wannan tsohon Singer ne na asali. Ya girmi mahaifiyarki, ina jin ya girmi kakarki ma. Ki dubi wuyansa, akwai ƙananan ƙarce da yawa wuri ɗaya. Mai shi tana ɗaura tsumma a wurin tana soke allurai, ko?"

Na je na tambayi Umma. Tana tankaɗe, sai ta ajiye rariyar.

"Wa ya gaya miki? Jan ƙyalle ne. Iya ba ta yarda kowa ya taɓa shi."

Masu karatu, a nan ne abin ya fara shiga raina. Mutumin da bai taɓa ganin Iya ba ya ga hannunta a jikin ƙarfe.

Daga nan hira ta buɗe. Ya turo mini bidiyon ɗakin da yake ajiye su a gidan mahaifiyarsa a Garki. Kekuna goma sha wani abu a jere a kan katako, kowanne da ƙyallen rufinsa. Akwai na hannu wanda ake juyawa da mariƙi, akwai wani ɗan ƙarami mai ado kamar an manna masa ɓawon kifi mai sheƙi, akwai wanda ya tsamo daga kurar 'yan jari bola ana shirin kai shi a auna. Yana bi ɗaya bayan ɗaya yana gabatar da su kamar mai gabatar da dangi. Ya ce ga wanda bai sani ba duk baƙin keke ɗaya ne, amma sai ka ɗaga ka ji nauyi, ka duba tambarin ko na tagulla ne da aka kafe da ƙusa ko kuwa liƙi ne, ka kalli wili, ka karanta lamba, ka saurari ƙararsa. Da ya zo kan wani da aka shafe da koren fentin mota, sai muryarsa ta sauka kamar mai ta'aziyya.

"Wannan amarya aka yi wa. Suna so ya yi kama da sabo a kayan ɗaki, sai suka kai wa mai fenti. Duk zanen ruwan zinaren yana ƙarƙashi, ba zai dawo ba."

Daga bayan kyamara na ji muryar wata dattijuwa: "Kai dai ka cika mini ɗaki da ƙarafa, ka ƙi kawo mini mai tayar da su!" Bidiyon ya yanke nan take. Na yi dariya har na toshe bakina da filo.

Abin da ya fi burge ni shi ne, ba ƙyalli yake so ba. Ya ce inda zanen zinare ya goge, nan ne hannun mace ya bi da yadi shekara da shekaru, kuma wurin ya fi masa ko'ina kyau. Ni da na saba a wuce ni ba a lura ba, sai na ji ina sha'awar mutumin da yake lura haka.

Da ya nemi izinin zuwa zance a wurin Abba, sai ya fara zuwa ranar Asabar bayan la'asar. Ranar farko ya sa shadda ruwan toka da hula zanna, ya yi kyau, sai dai bakin faratansa da ɗan baƙin mai wanda sabulu ya kasa. Ni kuma na sa atamfa shuɗiya da farin mayafi, na zauna a can ƙarshen tabarma ina kallon yatsun ƙafata. Muka gaisa. Can sai ya ce ko zai iya ganin keken ido da ido.

Yayana Ikrima ne ya ɗauko shi yana nishi. Abdulbaƙi ya durƙusa a gabansa, ya juya wilin da yatsa ɗaya, ya kara kunne. Fuskarsa ta yi haske. Bakin da ya kasa haɗa mini jimla biyu sai ga shi yana zuba. Bayan ya tafi, Yaya Ikrima ya shigo tsakar gida yana tafa hannu.

"Ke Ruwaida, ki kwantar da hankalinki, wannan ba wajenki ya zo ba. Ɗan jari bola ne mai shadda."

"Yaya, don Allah ka bari."

"Na rantse kallon da ya yi wa keken nan, ko rabinsa ba ki samu ba."

Na yi kamar ban ji ba, amma maganar ta zauna.

Sai aka yi suna a gidan Inna Gaji a Kiyawa. Na sha lalle ja da baƙi, na sa leshi ruwan hoda, aka ɗaura mini ɗankwali irin wanda ban taɓa yarda an ɗaura mini ba. Kowa ya ce na yi kyau. Ban taɓa tura wa namiji hotona ba, amma ranar na tsaya a falon Inna na ɗauka, na rufe ido na tura masa. Na ga ya buɗe. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake, ya tsaya. Sannan:

"Masha Allah. Ruwaida, wannan teburin da ke bayanki, mai kuloli a kai, don Allah ki ɗaga ledar ki ɗauko mini ƙafarsa."

Ku gaya mini, ku da kuke karantawa, in ku ne ya za ku ji? Na sa leshi, na sha lalle, shi kuma tebur ya gani. Na shige ɗakin Inna, hawaye suka ɓata mini kwalli. Inna Gaji ta biyo ni, ta karɓi wayar ba ta tambaye ni ba, ta nisanta ta da idonta ta karanta. Ta ƙwala wa Umma kira.

"Laure! Zo ki ga ikon Allah. Yaron nan ƙafar keken Iya ya hango a bayan 'yarki."

Umma ta karanta, ta zauna a bakin gado.

"To Yaya, ya za a yi?"

"Abu mai sauƙi. Ki ba shi kan keken. In keken ne ya kawo shi, zai ɗauka ya ɓace, mun huta. In ya dawo, to mun san mutum muke da shi."

"Keken Iya fa, Yaya."

"Keken Iya ko 'yarki? Shekara nawa yana saman durowa yana shan ƙura? Nawa rabin ma kuloli yake ɗauka."

Wannan ne karo na farko da na ji sun ambaci keken a gaban juna. A ƙarshe Umma ta ce to. Ni ba wanda ya tambaye ni, kuma da an tambaye ni ban san me zan ce ba. Ina so na sani, ina kuma tsoron sanin.

Asabar ta zagayo. Umma ta sa aka shigo da shi tsakar gida, abin da ba a taɓa yi ba. Ya durƙusa nesa da ita, kansa a ƙasa. Keken yana kan tabarma a tsakani.

"Na ga kana son abin nan," in ji Umma. "Na ba ka shi, halak malak."

Ya ɗago ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Na san ba zai iya cewa a'a ba, don yaro mai tarbiyya ba ya mayar wa babba da hannu. Ya yi godiya, ya yi wa Iya addu'a, ya naɗe keken a cikin tsohon ɗankwalin, ya rungume shi zuwa adaidaita sahu. Na tsaya a bayan labule ina jin ƙarar tana nisa. Da na shiga ɗakin Umma, na tarar da ita tsaye tana kallon wurin da babu ƙura a saman durowa.

Asabar ta gaba bai zo ba. Wadda ta biyo ma bai zo ba. Saƙonsa ya koma gajere: "Ina fatan kina lafiya. Ki gaida Umma." Ni kuma na amsa da "Lafiya lau," na kife wayar. Yaya Ikrima in ya wuce ni sai ya kwaikwayi kiran masu sayen tsohon ƙarfe, har sai da Umma ta jefe shi da mafici. Abinci ya daina shiga. Abin haushin, ko a lokacin ban iya jin tsanarsa ba. In na tuna yadda ya kara kunne a jikin keken, sai na ce aƙalla Iya ta faɗa hannun wanda ya san darajarta.

Ranar wata Asabar da hantsi muna tsinke zogale, wayar Umma ta yi ƙara. Inna Gaji ce, kuma ita ba ta iya magana a hankali ba.

"Laure, ɗan naku fa ga shi a Kiyawa. Ƙafar ya biyo."

Zogalen ya zube daga cinyata. Shi ke nan, na ce a raina. Ya samu kai, ya tafi neman ƙafa, ni dama tsani ce.

"Kin ba shi, Yaya?"

"Ke dai ki share tsakar gida." Ta kashe.

Bayan azahar wata ƙaramar akori-kura ta tsaya a ƙofar gidanmu. Inna Gaji ce ta fara fitowa daga gaba, tana gyara mayafi kamar matar gwamna. Na leƙa ta tagar kicin. Abdulbaƙi da direba suka sauko da wani abu lulluɓe da zanin gado, suka shigo da shi a hankali suka ajiye a inuwar darbejiya. Inna ta yaye zanin.

Ban taɓa ganinsa a haɗe ba sai a ranar. Kan yana zaune a cikin katakonsa, ƙafar ƙarfen mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar zanen lalle tana riƙe da shi. Bai yi masa fenti ba. Baƙin ya yi sheƙi irin na abin da aka shafa da haƙuri, furannin zinaren da suka rage sun fito, inda ya goge kuma ya bar shi a goge. Ya sa sabuwar igiyar fata daga wili zuwa ƙafa. A wuyan keken, daidai kan ƙarcen nan, ya ɗaura ɗan jan ƙyalle.

Umma ta dafe ƙirji.

"Zuwa ya yi da kan a hannu," in ji Inna Gaji. "Ya durƙusa ya ce, Inna, ba saya na zo yi ba, ba kuma roƙo ba, so nake ki ba ni izini mu gani ko zai zauna. Na kwashe kulolina. Akwai wasu 'yan ƙarafa biyu a bayan katakon da na daɗe ina cewa a cire mini don suna kama mini leda. Ashe mazauninsa ne. Yana ɗora shi ya shige ɗas. Wallahi Laure, sai na ji kamar Iya ta yi gyaran murya a ɗakin."

Umma ta ja kujera ta zauna. Ta cire takalmi, ta ɗora ƙafa, ta taɓa wilin da tafin hannu. Ba wanda ya koya mata, ƙafarta ce ta tuna. Ƙarar ta tashi a hankali, taka-taka-taka, mai laushi, ba hayaniya. Inna Gaji ta juya baya tana goge ido da bakin mayafi, tana faɗin wai hayaƙin mota ne.

Umma ta tsayar da keken, ta dubi Abdulbaƙi da ke durƙushe can gefe.

"Ai na ba ka shi."

"Kin ba ni, Umma, na kuma karɓa, na gode. Shi ya sa nake da ikon bayarwa." Ya ƙara sunkuyar da kai. "Na ba Ruwaida. Waɗanda nake tarawa marasa kowa ne. Wannan yana da jika."

Yaya Ikrima, da ke jingine da bango, ya hau sosa ƙeya.

"To ku saurara," in ji Inna Gaji. "Ƙafa dai tawa ce, ban ba kowa ba. Kiyawa ba za ta koma ba, a ɗakin Laure ma ba za ta zauna ba. A kayan ɗakin Ruwaida zan sa ta. Wanda yake son ganinta kullum ya san hanyar da zai bi."

Abdulbaƙi ya miƙe ya fice zaure kamar an kore shi. Ina tsaye a kicin, riƙe da ludayin da ban san lokacin da na ɗauka ba, wayata ta yi motsi.

"Ki yafe mini shirun. Ina tsoron in na zo bakina zai suɓuce kafin na gama gyaran. Hoton nan na ranar suna kuma, na rubuta magana a kan mai hoton na goge ya fi a ƙirga. Kunya ce ta sa na fake da tebur. Ba don keke nake goge shadda duk Asabar ba."

Na karanta, na sake karantawa. Ashe duk tsawon lokacin nan mu biyu ne masu ɓuya, ni a kicin, shi a bayan ƙarfe.

Ban gama share fuskata ba na ji sallamar Abba, ya dawo daga masallaci. Umma ta sake taka keken, ƙarar ta cika gidan. Takunsa ya tsaya a bakin ƙofa.

"Wa ya tayar da keken Iya?"

"Yaron da ka wuce a zaure," in ji Inna Gaji.

Abba ya daɗe yana kallon keken, da jan ƙyallen, da fuskar Umma. Sannan ya juya.

"Ikrima, ce masa kar ya tafi. Ruwaida, sako mayafinki ki same mu. Yau da bakinki nake so na ji."

Da bakina, masu karatu. Ni da ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Na shiga ɗaki, na zari mayafin da hannuna ya fara kaiwa. Sai da na kai ƙofar zaure na lura ruwan zuman nan ne, wanda na yafa wa keken ranar farko, wanda duk wadda ta taya nake ce mata an riga an saya.

Na yi sallama. Murya biyu suka amsa.